Yadda ake dafa dunƙulen naman shanu da miyar albasa a tukunyar lantarki mai dafawa a hankali

Tukunyar lantarki mai dafawa a hankali ta fara shigowa gidajen Damagaram, wasu sun saye ta sabuwa, wasu kuma ƴan uwa ne suka kawo musu tsaraba daga Kano ko daga Turai, amma a gidaje da yawa tana ajiye cikin kwalinta saboda uwargida ta gwada sau ɗaya ta ga abincin ya fito salam. Tukunya ce mai sassa 3: gangar ƙarfe mai ɗauke da wayar zafi, da kwanon tangaran mai kauri da ake zuba abinci a ciki, sai murfin gilashi. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya yi rajistar ƙirarta a 1940, daga baya kamfanin Rival ya fito da ita kasuwa da sunan Crock-Pot a 1971. Ba ta suya, ba ta gashi, aikinta kawai ta riƙe abinci a zafin da bai kai tafasa mai ƙarfi ba na tsawon awa 8 ko fiye. Duk ɗanɗanon da ake nema a wannan girki, a kan murhu ake samar da shi kafin nama ya shiga cikinta, ita kuwa tukunyar taushi ne rabonta.

Girkin da ya fi fito da amfaninta shi ne dunƙulen naman shanu, wanda Amurkawa suka saba ci ranar Lahadi. Ba a yanka naman gutsi-gutsi irin na miya ko farfesu, ana dafa shi ne guda ɗaya, sai ya nuna a yanka shi a kan faranti.

Aikin yana farawa ne daga teburin mahauci. A nemi kilo 1 da rabi na kafaɗa, ko wuya, ko ƙirji, wato sassan da dabba ta fi yin aiki da su, masu jijiya da zaren kitse a tsakanin tsoka. Shanunmu, ko azawak ko jajayen Bororo, dabbobin kiwo ne da suka sha tafiya, shi ya sa namansu ya fi na shanun da ake turkewa a Turai tauri da ƙarancin kitse, kuma wannan taurin shi ne abin nema a nan. Jijiyar da ke wahalar da haƙori idan an yi gaggawar dahuwa, ita ce take narkewa idan ta daɗe a zafin da ya haura digiri 70, ta koma wani abu mai danƙo da ke jiƙa tsoka ya kuma ba miya kauri. Tsokar cinya zalla, wadda mutane suka fi so saboda kyan gani, ba ta da wannan jijiya da yawa, don haka bayan awa 8 sai ta bushe ta yi kamar igiya. Wanda ya samu kafaɗa mai ɗan haɗe da tozo ya yi dace. A kasuwar Dole ta Damagaram na saba ce wa mahauci tun kafin ya ɗaga wuƙa: "Malam, don Allah dunƙule ɗaya nake so, kada a daddatsa." Idan ba a faɗa da wuri ba, hannunsa ya riga ya saba, kafin a ankara ya raba shi goma. A roƙe shi kuma ƙashi ɗaya ko biyu, domin da su za a yi romo.

Albasa ita ce rabin girkin. Ana buƙatar manya 5 ko 6, kuma jar albasar Galmi ta fi kowace dacewa, saboda ƙarfin ƙamshinta ba ya ɓacewa a doguwar dahuwa, yajinta kuma yana komawa zaƙi idan ta soyu. Sauran kayan su ne man gyaɗa cokali 3, fulawa cokali 2, tumatirin gwangwani cokali 1, tafarnuwa ƙwara 5, ɗan yankin ɗanyar citta, masoro, kanumfari 3, ganyen lorye 2 (ganyen ƙamshi da ake kira laurier ko bay leaf), garin tattasan Diffa cokali 1, gishiri, da tsamiya kaɗan da aka jiƙa aka tace. A girkin Turawa ana yawan zuba jan giya domin ɗan tsami, mu kuwa ruwan tsamiya cokali 2 ya wadatar da wannan buƙata. Mai son daddawa ya daka rabin ƙwallo ya sa, ni kam ina ganin tana ƙara wa miyar zurfin da dunƙulen maggi ba ya bayarwa. Karas 4 da dankalin turawa rabin kilo, ga mai son a samu abinci cikakke a tukunya ɗaya.

A fara da romo: a dafa ƙashin da ɓawon karas da kan albasa a ruwa rabin lita har ya ragu, a tace, a ajiye kamar kofi 1 da rabi.

Daga nan sai nama. Idan an wanke shi, a tsane shi sosai da tsabtataccen ƙyalle har sai hannu ya daina jin laima, domin jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, turara yake yi a cikin ruwan kansa. A shafe shi da gishiri da masoro ta kowane gefe. A ɗora tukunyar ƙarfe mai kaurin gindi a kan gaz ko garwashi mai ƙarfi, a zuba mai, a jira har ya fara ƙyalli, sannan a kwantar da naman. A nan ake buƙatar haƙuri: kada a taɓa shi, kada a juya shi, har minti 4 ko 5. Da farko zai manne wa tukunya, amma idan ya soyu da kansa zai saki. Launin da ake nema shi ne na ɓawon burodi da ya gasu sosai, ja mai duhu, ba toka-toka ba. A yi wa kowane gefe haka, har da bakunan, sannan a ɗauke shi a faranti.

Kada a wanke wannan tukunya. Ƙanzon nama da ya manne a gindinta ya fi kowane kayan ƙamshi da za a zuba daraja. A rage wuta, a zuba albasar da aka yanka siriri-siriri tare da ɗan gishiri. Za ta cika tukunya har mutum ya ɗauka ya yi yawa, amma cikin minti 10 za ta saki ruwa ta kwanta, ruwan nata kuma ya ɗaga ƙanzon. A ci gaba da juyawa da cokalin katako lokaci zuwa lokaci. Za a ga ta tashi daga launin shunayya ta koma fari-fari mai sheƙi, daga nan ta yi launin zuma, daga ƙarshe ta yi launin dabino, ƙamshin da ke sa hawaye ya koma mai zaƙi. Wannan yana cin minti 25 zuwa 30, kuma babu hanyar gajarta shi. Idan gindin ya fara kamawa, a yayyafa cokali 1 na ruwa a kankare. Albasar da ta ƙone ta yi baƙi ɗaci take bayarwa, kuma dahuwar awa 8 ba ta cire shi, sai ma ta raba shi ko'ina.

Idan albasa ta kai, a zuba tafarnuwa da citta da aka daka, da tumatir da tattasai, a soya minti 2. A barbaɗa fulawa a juya har farinta ya ɓace, domin ɗanyar fulawa tana barin gari-gari a baki. Sai a zuba romon kaɗan-kaɗan ana juyawa don kada ya yi gudaji, a sa tsamiya da daddawa da kanumfari da lorye, a bari ya tafaso sau ɗaya.

Yanzu ne tukunyar lantarki za ta karɓi aiki. A jera karas da dankali a ƙasa, an yanka su manya-manya, saboda a irin wannan zafi sun fi nama jinkirin nuna, kuma ƙasa da gefe ne suka fi zafi. A ɗora naman a kai tare da ruwan da ya tsatso a faranti, a juye miyar albasa a kansa. Ruwan kada ya wuce sulusin tsayin naman. Wannan shi ne inda aka fi kuskure, kuma ni ma a nan na yi asarar kilo 2 na nama mai kyau a karon farko, da na rufe shi da ruwa yadda na saba yi wa farfesu. A tukunyar murhu ruwa yana ƙonewa, a wannan kuwa tururi yana taruwa a murfi ya koma ciki, ga nama da albasa suna ƙara nasu, don haka ruwan da za a tarar a ƙarshe ya fi wanda aka zuba. Abin da aka zuba gaba ɗaya ya kasance tsakanin rabin kwanon da kashi biyu cikin ukunsa.

A rufe, a murɗa zuwa ƙaramin zafi, a bar shi awa 8 zuwa 9. Babban zafi yana gamawa cikin awa 5 zuwa 6, amma da naman shanunmu na fi amincewa da ƙaramin. Kada a riƙa buɗewa ana leƙe, domin kowace buɗewa tana zubar da zafin da sai an ɗauki kusan minti 20 kafin ya dawo. Kanwa da ganyen gwanda da wasu ke sa wa nama mai tauri ba su da wuri a nan: kanwa tana dagargaza albasa ta sauya ɗanɗanon miya, lokaci kuma ya riga ya ɗauke musu aikinsu. A watan azumi wannan tsari yana sauƙaƙa wa mata ƙwarai, domin idan an yi suyar da safe kafin rana ta yi zafi, naman zai nuna tun kafin la'asar ta yi sanyi, ba tare da an tsaya a gaban murhu da ƙishirwa ba.

Dole a yi maganar wuta, domin duk mazaunin Damagaram ya san yadda take ɗaukewa, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60, kuma naman da bai gama nuna ba, idan ya zauna a rufe yana hucewa, nan yake faɗawa. Idan wuta ta ɗauke ana gida, a ba ta ƴan mintoci ba tare da an buɗe murfi ba, in ba ta dawo ba a juye komai cikin tukunyar ƙarfe a ƙarasa a kan garwashi mai laushi. Kada a ɗora kwanon tangaran a kan wuta kai tsaye, fashewa zai yi. Idan kuwa an fita an dawo an tarar wuta ta ɗauke, ba a san tun yaushe ba, nama kuma ya huce, to zubarwa ta fi, ko da ido bai ga komai ba, hanci bai ji komai ba. Shawarata ita ce kada a kunna tukunyar a bar gida babu babba. Masu lantarkin hasken rana da batir suna da sauƙi, tunda yawancin waɗannan tukwane ba sa jan fiye da wat 300. Haka kuma a duba rubutun da ke ƙasan tukunyar kafin a jona ta: wutarmu volt 220 ce, wadda aka ƙera don Amurka kuwa ta volt 120 ce, kuma za ta ƙone nan take idan babu na'urar rage ƙarfi. Naman da ya daskare a firigo ma sai ya saki gaba ɗaya kafin a fara.

Wanda ba shi da tukunyar lantarki zai iya yin girkin nan duka a tukunyar da ya yi suya. A rufe ta da murfi mai kama baki, a rage garwashi a lulluɓe shi da toka yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan ba tare da ɓulɓula ba, a ƙara romo kofi 1 a kan abin da aka ambata, a juya naman duk bayan awa. Awa 3 da rabi zuwa 4 yakan isa.

Ana gane nama ya nuna idan cokali mai yatsu ya shige tsakiyarsa ba da ƙarfi ba, aka murɗa tsokar ta rabu. In har yana turjiya, bai wuce lokaci ba, bai kai ba ne, a ƙara masa awa 1. A ɗauke shi da faffaɗan cokali biyu don kada ya wargaje, a rufe shi ya huta minti 15, a tsame karas da dankali.

Miyar da ta rage a juye ta cikin ƙaramar tukunya, a bar ta ta natsa, a kwashe man da ya taso sama da ludayi, a cire lorye da kanumfari. A ɗora a wuta mai ƙarfi babu murfi har ta ragu ta yi kaurin da idan aka tsoma cokali aka ja yatsa a bayansa, layin zai tsaya. Sai a wannan lokaci ake gyara gishiri, domin wanda ya cika shi tun farko zai ji ya yi yawa bayan ruwan miya ya ragu. Wasu suna niƙa albasar ta yi sumul, ni na fi son a murƙushe rabi da bayan ludayi a bar rabi ana ganin zarenta. Idan ɗanɗanon ya yi nauyi, ɗigon ruwan tsamiya ko lemun tsami yana farkar da shi.

A yanka naman a gicciye, wato wuƙa ta datse zaren tsoka maimakon ta bi shi, kaurin kowane yanki kamar yatsa. A jera a tire, a kewaye da karas da dankali, a kwarara rabin miyar a kai, sauran a kawo a kwano daban. Kilo 1 da rabi yana ciyar da mutum 6 idan an haɗa da farar shinkafa, ko dambu, ko kuskus, ko burodi mai ɓawo da za a dangwali miya da shi. Abin da ya rage a sa shi a firigo cikin miyarsa kafin awa 2, a lokacin zafi ma kafin awa 1, a cinye shi cikin kwana 3. Ɗumamensa a kan murhu ake yi har ya tafasa, ba a tukunyar lantarki ba, saboda ita tana jinkirin ɗaukar zafi.