Darasi na Bakwai: Ƙaramin Yaro da Zancen Manya

A wani aji na yara 'yan shekara 3 zuwa 5, malama ta gaji da surutun wani yaro, ta ce masa, "Kama bakinka!" Yaron ya sa hannu biyu ya riƙe leɓensa gam, yana kallonta, yana jiran ta yaba masa. Ba rashin kunya ba ne. An ce ya kama, ya kama.

Mu manya rabin zancenmu a dunƙule yake. Muna cewa "zuba ido", "sha iska", "ɗaga ƙafa", kuma ba wanda ke neman ƙarin bayani. Amma ku ce wa ɗan shekara 3 ya ɗaga ƙafa an makara, kuna iya ganin ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama. A wurinsa kalma ma'ana ɗaya gare ta, wadda ya fara koya.

Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya lura cewa tsakanin shekara 2 da 7 yaro da abin da idonsa ya gani yake yanke hukunci. Idan aka juye ruwa daga faffaɗan kofi zuwa dogo siriri a gabansa, sai ya ce ruwan ya ƙaru. Haka yake yi wa magana: samanta yake ɗauka. Sai wajen shekara 4 ko 5 yake soma gane cewa abin da ke ran wani ya iya bambanta da nasa. Wanda bai kai nan ba, ta yaya zai hango nufin da aka ɓoye a bayan kalma?

Shi ya sa gatse ba ya aiki a wannan aji. Yarinya ta zubar da fenti a kan tebur, malama ta ce, "Madalla, kin kyauta!" Yarinyar ta yi murmushi, washegari ta sake. Yawancin yara sai daga shekara 6 suke fara jin gatse. Umarnin da aka yi wa rigar tambaya ma haka ne. "Ba za ka ajiye fensirin nan ba?" Yaro ya ce, "A'a." Tambayarsa aka yi, ya kuwa ba da amsa tsakaninsa da Allah.

Waɗannan na dariya ne. Akwai wanda ba dariya a ciki. Babba ya ce, "Zan yanke maka kunne," ko "Yau a nan za ka kwana, zan kulle ajin in tafi." Shi ya manta kafin a tashi, yaron kuwa ya yarda ɗari bisa ɗari. Gobe da safe sai kuka, ya ƙi makaranta, iyaye su rasa dalili. Haka nan idan aka yi rashi a gida aka ce masa mamacin barci ya yi, ko tafiya ya yi. Wani yaron sai ya riƙa tsoron kwanciya, wani kuma ya yi ta leƙen ƙofa yana jiran dawowarsa. A ganina gara a faɗa masa gaskiya cikin taushin murya: ya rasu, ba zai dawo ba, mu kuma muna tare da kai.

To, yaya za a yi? A ambaci aikin da ake so ƙarara: "Yi shiru, ka saurare ni." Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Kalmar "anjima" ba ta da iyaka a kan yaro, don haka a ɗaura ta da abin da ya sani: "Bayan mun dawo daga wasa." Ba wai a daina salon magana gaba ɗaya ba, ai da ji ake koyonsa. A faɗa, a biyo da fassara: "Buɗe kunnenka, wato ka saurara da kyau."

Aikin gida: ku saurari kanku kwana ɗaya. Ku rubuta a littafinku jimla 3 da kuka faɗa wa ƙaramin yaro waɗanda zai iya ɗauka a baibai. A ƙarƙashin kowace, ku sake rubuta ta yadda ɗan shekara 4 zai gane. Ku zo da su aji mu karanta tare.