Yadda Ake Auna Lantarki da Gajiyar Tsokokin Babban Yatsa

Duk lokacin da tsoka ta ɗaure, tana fitar da ɗan lantarki wanda ƙarfinsa bai wuce 'yan milibolt ba (milibolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt), kuma na'urar EMG ce ke ɗaukarsa daga saman fata. A Zariya ba a rasa waɗanda suka dace da wannan awo, domin mai ɗinkin hannu da ya wuni yana tura allura a aljihun babbar riga cikin Birni, da ɗalibin Samaru mai latsa waya dare da rana, duk babban yatsa suke gajiyarwa.

Da farko a nemi yardar mutumin, sannan ya wanke hannu da sabulu, a goge fatar da sifirit. Wannan mataki yana da muhimmanci musamman a hunturu, lokacin da kowa ke shafa basilin, saboda maiƙo yana hana faifan elektirodi, wato ɗan faifan da ake mannawa don ɗaukar lantarkin, kama fata. Sai ya kwantar da bayan hannunsa a kan tebur ya ɗaga babban yatsa sama. Tsokar da za a ji ta yi tauri a gefen tudun naman da ke gindin yatsan ita ake nema. A manna faifai biyu a kanta bisa tsawon zarenta, na uku kuma a kan ƙashin wuyan hannu. Ƙa'idar da aka saba ita ce tazarar santimita 2, amma tsokar nan ƙarama ce, don haka gara a yi amfani da ƙananan faifai a rage tazarar zuwa kusan santimita 1, in ba haka ba sai siginar tsokokin da ke maƙwabtaka da ita ta shigo.

A saita na'urar ta ɗauki awo aƙalla sau 1000 a daƙiƙa, ta kuma tace duk abin da ke ƙasa da kaɗawa 20 ko sama da 450 a daƙiƙa. Wutar gidajenmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato a cikin zangon da ake aunawa, shi ya sa ya fi kyau a cire cajar kwamfuta a bar ta a kan batir, a kuma nisanci wayoyin janareto.

Daga nan mutumin ya tura yatsansa a jikin ma'aunin ƙarfi iya ƙarfinsa na daƙiƙa 5, sau uku, da hutun minti 2 a tsakani, a ɗauki mafi girma. Bayan ya huta, sai ya riƙe rabin wannan ƙarfin ba tare da motsi ba har ya kasa.

Wajen karanta sakamakon, a raba siginar daƙiƙa-daƙiƙa. Girmanta zai riƙa ƙaruwa, domin jiki yana ta kiran ƙarin zaren tsoka su tallafa wa waɗanda suka gaji, yayin da matsakaicin saurin kaɗawarta zai riƙa sauka, saboda sinadaran da ke taruwa a tsokar suna rage gudun saƙon lantarki. Wannan saukar ita ce alamar da na fi amincewa da ita, domin tana bayyana tun kafin mutum ya ce ya gaji. Tun a 1954 masanin Ingila P. A. Merton ya nuna, a tsokar babban yatsa, cewa akasarin irin wannan gajiya a cikin tsokar kanta take.

Sai dai sanyi ma yana rage wannan gudu, ta yadda hannun da ya sha iskar babur da sassafe a watan Janairu zai ba da adadi irin na gajiyayye alhali bai taɓa komai ba. A ɗumama shi cikin ruwan ɗumi har zafin fata ya kai digiri 32 a ma'aunin Celsius kafin a fara, kuma a yi wa wurin faifan alama da biro idan za a maimaita awon washegari. Wanda yatsunsa ke mutuwa da dare, ko tudun naman nasa ya rame, ya je ya ga likita, domin gwajin jijiya yake buƙata.