Kurakuran da Ke Kashe Ƙaramin Babur Ɗan Caina, Tun daga Kwali har Gareji

Kasuwa ta cika da ƙananan babura irin waɗanda ake kira roba-roba, masu injin 100 ko 110cc, kuma da yawansu suna ɗauke da sunan da ko dillalin ma bai san kamfaninsa ba. Wanda kuɗinsa bai kai na Haojue ko Jincheng ba sai ya sayi irin wannan, bayan wata shida inji ya fara hayaƙi, sai a ce ai dama jabu ne. Sau da yawa laifin ba na injin ba ne. Kusan dukkansu an kwaikwayi injin kwance na Honda Super Cub ne, babur ɗin da ya fito tun 1958, kuma manyan masana'antu irin su Lifan, Loncin da Zongshen na birnin Chongqing suna ƙera irinsa, ƙananan kamfanoni su saya su liƙa nasu sunan. Inji ne mai juriya. Abin da ke lalata shi shi ne haɗin farko da kuma yadda aka riƙe shi a kilomita 1,000 na farko.

Kuskuren farko wajen sayen kayan gyara ne. Mutum ya je shago ya faɗi sunan da ke jikin robar babur, mai shago ya ce babu, ko ya miƙo masa abin da ya yi kama. Sunan roba ba ya nufin komai. A duƙa a duba lambar da aka buga a gefen hagu na injin, can ƙasa. Idan ta fara da 1P52FMH, injin 110 ne, faɗin fistin ɗinsa milimita 52.4. Idan 1P50FMG ce, 100 ne, fistin milimita 50. Da wannan lamba ake sayen fistin, ringi, fakin da bawul, kuma ya fi kyau a tafi da tsohon kayan a hannu a gwada.

Ranar fasa kwali, mai haɗi yana sauri ne don wani kwalin na jiransa. Ya ɗaura ƙafar gaba, kai, madubi da batir, ya tayar, ya miƙa makulli. Abin da ba ya yi shi ne bin notunan da aka ɗaure tun a masana'anta. Kafin a hau, a bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana: notunan da ke riƙe inji, na ƙafar gaba da ta baya, na shokazoba, na salansa, na matakin ƙafa. Wanda ya fi haɗari shi ne notin sandar da ke riƙe farantin birkin baya. Yana da ɗan fil da ake lanƙwasawa don kada ya kwance, kuma sau da yawa ba a sa shi. In notin nan ya faɗi ana tafiya, da an taka birki farantin zai juya ya naɗe sandar birkin, ƙafar baya ta iya cijewa nan take. Giris ma masana'anta ba ta cika sawa da yawa ba, don haka a zare ƙarfen tsakiyar ƙafafun a shafa musu, a kuma duba wuyan babur. A kafe shi a jak na tsakiya, a ɗaga ƙafar gaba a girgiza ta gaba da baya. In ana jin ƙas-ƙas, wuyan ya yi sako-sako. In kuma kan ba ya faɗawa dama ko hagu da kansa, an matse shi fiye da kima.

Batir yana zuwa busasshe da ruwansa a gefe. Kuskuren shi ne a zuba a ɗaura a danna sitata nan take, wanda ke rage masa ƙarfi har ƙarshen rayuwarsa. A zuba ruwan zuwa layin sama, a bar shi aƙalla minti 30, sannan a yi masa caji a hankali, kamar rabin amfiya ga batir mai 5Ah, na wasu awanni. Daga baya in ruwan ya ja ƙasa, tataccen ruwan batir marar asid ake ƙarawa. Ƙara asid yana cinye farantan ciki.

Batun baƙin mai shi ne ya fi kashe injuna, kuma kurakuransa sun fi ɗaya. Man da ya zo a cikin injin daga masana'anta ba abin dogaro ba ne, a juye shi kafin a fara hawa sosai, a sake juyewa a kilomita 500, sannan a 1,000. A lokacin nan ne fistin da ringi da giyoyi ke gogar juna suna zubar da garin ƙarfe, kuma injin nan ba shi da matatar mai ta takarda irin ta mota. Abin da yake da shi ƴar raga ce a bayan murfin dama, sai wani ɗan ɗaki a jikin kuloci da ke tara datti idan yana juyawa. Duk dattin da waɗannan ba su kama ba yawo yake a cikin inji. Bayan wannan lokaci, a ƙasa mai zafi da ƙura juye duk kilomita 1,000 zuwa 1,500 ya dace, ragar kuma a buɗe a wanke ta da kananzir ko da sau ɗaya a shekara.

Sai yawan man. Injin yana cin kusan lita 0.8 ne idan an juye, amma gwangwanin lita 1 ne, kuma mutane ba sa son barin saura, sai a tuttule shi duka. Mai ya yi yawa, ya riƙa kumfa, ya fita ta bututun numfashin inji, ya jiƙa matatar iska, ya matsa wa fakin har ya fara yoyo. A auna da sandar da ke jikin murfin mai, babur yana tsaye a jak na tsakiya a wuri mai daidai: a goge ta, a ɗora ta a bakin ramin ba tare da an murɗa ta ciki ba, a ciro a duba. Irin man kuwa, 20W-50 na babur mai alamar JASO MA a jikin gwangwani. Kulocin babur ɗin nan a cikin mai yake iyo, man mota na zamani yana da sinadarin rage gogayya da ke sa shi sulɓi. Man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, a rabu da shi.

Akwai wani kuskure da sababbin yaran gareji ke yawan yi. A ƙarƙashin injin akwai notuna biyu kusa da juna. Na juyen mai shi ne mai kan sifana lamba 17, yana kallon ƙasa tsaye. Ɗayan mai kan 14, wanda ya ɗan karkata a ɓangaren hagu, shi ke riƙe sifirin da sandar da ke ɗame sarƙar tayimin. In aka kwance shi bisa kuskure, baƙin mai kaɗan ne zai fito, sifirin ya faɗo, in ba a mayar da shi daidai ba sarƙar ta saki, inji ya fara ƙarar shaƙa-shaƙa. Notin juyen ma kada a sa masa dogon bututu a ɗaure. Jikin injin na alminiyum ne, zarensa yana cinyewa da sauri, in ya cinye kuma sai dai walda ko a sake yanka zare.

Bawul ma ana cutar da shi da sunan gyara. Mai babur ya ji ƴar ƙarar tik-tik daga kan inji, ya ce wa bakanike ya kashe ta, bakanike ya matse bawul har ya yi shiru. Bawul ɗin da ba shi da sarari ba ya rufuwa sosai idan inji ya yi zafi, sai ƙarfi ya ragu, babur ya ƙi tashi in ya ɗau zafi, daga ƙarshe bawul ɗin salansa ya ƙone. Sararin da ake so milimita 0.05 ne ga duka biyun, kuma inji yana sanyi ake aunawa, gara wanda ya kwana bai tashi ba. A buɗe murafan nan biyu masu zagaye a kan injin, a juya magineto har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji, a taɓa hannayen bawul a ji duka biyun suna ɗan motsi. In ba sa motsi, a ƙara juya magineto zagaye ɗaya cikakke. Sannan a sassauta ƙaramin notin, a zura siririn ma'aunin ƙarfe na 0.05, a daidaita har yana shiga da ɗan kamu, a ɗaure a sake gwadawa. Bakaniken da ke saita bawul da kunne kawai, a nemi ya sayi ma'aunin, ba shi da tsada.

Kafireta ita ce ake fara ɗora wa laifi, alhali galibi matsalar daga matatar iska ko fetur take. Da hunturu matatar tana toshewa cikin makonni, babur ya riƙa shan mai, fulogi ya yi baƙi. Wasu sai su cire ta gaba ɗaya wai don inji ya sha iska, ƙura ta shiga kai tsaye ta cinye ringi da silinda. In ta soso ce, a wanke da kananzir, a matse ba tare da murɗewa ba, ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse rarar. In ta takarda ce, ba a wanke ta ba a sa mata mai, sauyawa ake yi. Wanda ke sayen mai a wurin ƴan bumburutu ya sa ƴar matatar fetur a jikin tiyo, ya kuma riƙa kwance ƙusar gindin kafireta yana zubar da ruwa da dattin da suka kwanta. Silo ana saita shi inji yana da zafi, wajen juyi 1,400 zuwa 1,500 a minti. Fulogin shi ne C7HSA ko A7TC, bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7, a fara ɗaura shi da hannu kafin a sa sifana.

Da yake babu hannun kuloci, wasu na zaton ba a saita shi. Ana saitawa, ta ƙusar da ke tsakiyar murfin dama. Inji a kashe, a sassauta notin da ke riƙe ta, a juya ƙusar zagaye ɗaya yadda hannun agogo ke tafiya, a dawo da ita baya a hankali har a ji ta ɗan cije, daga nan a sake juya ta ta wajen agogo kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a riƙe a ɗaure notin. Wannan ke magance tsalle idan an sa giya, da sulɓi idan an ja totur. Amma babu saitin da zai ceci kulocin wanda ke tashi da giya ta uku ɗauke da buhu, ko yake canza giya bai saki totur ba.

Sarƙar ƙafar baya tana son sararin santimita 2 zuwa 3 idan aka ɗaga ta da yatsa a tsakiya. In an ɗame ta kamar tsirkiya, tana cin boris ɗin ƙafa da na giya. A ja notunan saiti na dama da hagu daidai da juna don kada ƙafar ta karkace, a sake saita birkin baya bayan haka, ya zama matakin yana sauka santimita 2 zuwa 3 kafin ya kama. Kada a cire gidan sarƙar, shi ke kare ta daga yashi. In ta ƙare, a sauya ta tare da faifan haƙori na gaba da na baya, don tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa, kuma rufaffen kan makullinta ya kalli inda sarƙar ke tafiya.

In fis ya ƙone, a sa wani mai lamba ɗaya da shi, yawanci 10A, kada a naɗa waya a madadinsa. In ƙwan fitila yana yawan mutuwa, a auna wutar batir inji yana aiki an ɗan ja totur. Ya kamata ta tsaya tsakanin bolt 13.5 da 14.5, in ta haura 15 ragileta, mai daidaita wutar, ce ta lalace. Akwatin CDI, mai aika wuta zuwa fulogi, kuma iri biyu ne, mai shan wuta daga magineto da mai sha daga batir, ɗaya ba ya aikin ɗaya ko da bakin soket ɗinsu ya yi kama, don haka a tafi shago da tsohon a hannu.