Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Kwatanta Bakin Yaro da Basirar Na'ura

Matasanmu Hausawa masu karatun kwamfuta a Jidda, Makka da Madina sun fara shiga aikin horar da manhajojin harshe, musamman tun da SDAIA, hukumar bayanai da basirar na'ura ta Saudiyya, ta fito da ALLaM, manhajar harshe ta Larabci. Da yawansu na cewa tunda yaro yana buɗe baki ba tare da an karantar da shi nahawu ba, na'urar da ta iya magana ta kama hanyar basira ta gama-gari, irin wadda ke iya duk abin da hankalin mutum ke iyawa. Kwatancin yana da amfani, amma idan ba a yi hattara ba yana ɓata aiki.

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar iya zance a matsayin hankali. Binciken Evelina Fedorenko da abokan aikinta a jami'ar MIT ta Amurka ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa masu sarrafa harshe daban suke da masu lissafi da warware matsala. Akwai waɗanda bugun jini ya raba su da magana kusan gaba ɗaya, amma suna iya lissafi, suna buga wasan darar ces. Saboda haka a raba gwaji gida biyu, ɗaya na daidaiton harshe, ɗaya na tunani. A na tunanin, a ɗauki tambaya guda, a canja sunaye da lambobi, a yi ta da Hausa, a sake yi da Larabci. In amsa ta canja alhali tambayar ba ta canja ba, to kwaikwayon zubin jimla manhajar take yi.

Sai maganar yawan kalmomi. Yaro kafin ya kai shekara 13 bai wuce ya ji kalmomi wajen miliyan 100 ba, kuma wannan ne ma'aunin da gasar BabyLM, ta horar da manhajojin harshe da kalmomi kaɗan, ta ɗauka a 2023. Manhajar harshe ta GPT-3 kuwa an horar da ita a 2020 da gutsattsarin kalmomi biliyan 300, ta Llama 3 a 2024 da tiriliyan 15. Mai ganin wannan tazara yakan ce to mu ma rubutu kaɗan zai ishe mu, tunda ya ishi yaro. Abin da ya manta shi ne yaron ba kalmomi tsirara yake samu ba. Yana ganin kofin da ake nuna masa, yana bin idon uwarsa, yana kuskure a gyara masa nan take. A 2003 Patricia Kuhl ta sa jarirai 'yan wata tara a Amurka suka yi zama 12 da masu jin Sinancin Mandarin, suka koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa darasin a talabijin ko a faifai ba su koya ba. A 2024 kuma masu bincike a Jami'ar New York suka horar da manhaja da bidiyon awa 61 daga kyamarar da aka ɗaura wa yaro ɗaya a ka, ta iya haɗa wasu kalmomi da abubuwan da suke nufi. Gyaran shi ne, wajen haɗa bayanan horar da manhaja, a daina tara jimlolin da aka ba mutum ya karanta kawai. A naɗi hira ta gaske a gida, lokacin cin abinci ko aike, a rubuta wa ke magana, da wa yake yi, da abin da ke gabansu. A naɗa a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, da ingancin sauti aƙalla 16 kHz, kuma da izinin iyaye a rubuce, domin muryar yaro amana ce.

Wasu kuma suna jera wa na'ura darasi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, wai kamar yadda ake wa yaro. An gwada wannan sosai a BabyLM ta 2023, yawancinsa bai haifar da wani ci gaba a zo a gani ba. Kada a ɓata watanni a kansa.

Wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a nan Hijaz shi ne share Larabci daga Hausar yara. Yaron da ya tashi a Makka zai ce wa yayarsa "ina zuwa dahhin", wato yanzu, ya fara jimla da Hausa ya ƙarasa da Larabcin titi. Mai tsara bayanai sai ya ga gurɓata ce, ya goge. Ba gurɓata ba ce. Sauya harshe yana da ƙa'ida, akwai gurbin da yaro ke sauyawa da wanda ba ya taɓa yi, kuma yana duba wanda yake magana da shi, kakarsa ce ko abokin makaranta. Wannan yana cikin abubuwa mafi daraja da na'ura za ta koya daga gare mu. A bar shi yadda yake, a yi wa kowace kalma alamar harshenta, kuma kada a sa tsofaffin aro irin su littafi da alƙalami a layin Larabci, Hausa ne.

Rubutun kansa yana da tarko. Yaro yana jin bambancin gari na zama da gari na tuwo ta tsayin wasali, da kuka na miya da kuka na hawaye ta karin sauti, amma boko ba ya rubuta ko ɗaya. Manhajar da ta koyi Hausa daga rubutu zalla ba ta taɓa jin wannan ba, don haka a ajiye murya tare da rubutunta. Haka haruffa masu lanƙwasa: waya takan mayar da ƙasa kasa, ɓata bata. A gyara su kafin horarwa, a zaɓi ɗaya tsakanin 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar, a daidaita komai da NFC, tsarin da ke sa kwamfuta ta ajiye kowane harafi ta hanya ɗaya.

A wajen gwaji, a raba bayanai gida-gida, wato gidajen da aka ɗauki muryarsu don horarwa daban, na gwaji daban. In jimlolin yaro ɗaya suka shiga horarwa kuma suka shiga gwaji, maki zai yi sama alhali muryarsa kawai aka hardace. Don gane ko manhaja ta kama ƙa'ida, a yi irin gwajin Jean Berko na 1958: a ƙirƙiri sunaye 30 zuwa 50 da babu su a Hausa, a nemi jam'insu. Hausa tana da gidaje, jakuna, motoci, yara, saboda haka amsa mai karɓuwa takan wuce ɗaya. A tambayi manya da yara masu jin harshen tukuna, sannan a auna amsar na'ura da yadda tasu ta rarrabu.