Yadda zaka toshe tallan da ya addabe ka a waya, da wanda ya kamata ka ɗaga wa ƙafa

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci na leƙa gidan gwaggona a Gwammaja, ko zama ban yi ba ta miƙo min wayarta tana cewa "ɗan nan ungo duba min abin nan, ni dai ban san me ya shiga cikinta ba." Ina buɗewa sai ga hoton wata mata ba kayan kirki a jikinta ya rufe sikirin gaba ɗaya, a ƙasa an rubuta wai an ci kyautar kuɗi a danna nan. Na nemi ɗan gicciyen rufewa, wanda da gangan suke yin sa kamar ƙwayar gero, ina taɓawa ya wurga ni shafin 'yan caca. Baiwar Allah tafsiri take saurara a wayar fa sai kiran 'ya'yanta, shikenan. Tace shekaranjiya a gaban surukinta abin ya faɗo, kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da na bada labarin nan a majalisarmu da daddare sai gardama ta kaure. Wani abokinmu mai gyaran waya a Farm Centre yace shi duk wayar da ta shigo hannunsa sai ya toshe talla kafin ta fita, wai tunda hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 shi bai ga dalilin da zai sa ya sayi data da guminsa a zo ana loda masa bidiyon da bai nema ba. Sai wani da yake aikin haɗa hoto a Zoo Road, yana yi wa masu fina-finai masu dogon zango, ya taso masa, yace "Malam ka san abincinmu kake zubarwa ko? Kaset ya mutu, faifai ya mutu, yanzu ɗan abin da YouTube ke turowa shi ake biyan mai kyamara da mai abinci, kai kuma ka kalla kyauta ka ce ko daƙiƙa biyar ba zaka jira ba." Wani ɗan Kwari da yake biyan Facebook su nuna shaddodinsa ya goya masa baya. Na huɗu kuwa cewa yayi shi talla bata dame shi ba sam, idonsa ya saba tsallake ta kamar yadda ake tsallake kwata.

Ni dai inda na tsaya shine duk su biyun farko suna da gaskiya, amma ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Tallan da ya faɗo wa gwaggo ba wani ɗan fim ko ɗan jarida da yake ci da ita, ɓarayi ne kawai, wannan ka toshe ta ba tare da jin nauyin kowa ba. Hatta hukumar FBI ta Amurka a Disambar 2022 ta fito ta shawarci mutane su riƙa amfani da abin toshe talla saboda 'yan damfara na sayen gurbin talla suna kwaikwayon shafukan kamfanoni. Amma shafin labaran Hausa da kake karantawa kullum da safe, ko tashar da kake bi duk sati, wannan akwai kara, kuma za ka iya ware su ka bar musu tasu, zan nuna yadda ake yi a ƙasa.

Kafin ka toshe komai ka fara gano ta ina tallan take shigowa, domin yawancin mutane anan suke ɓata lokaci.

In tallan tana zuwa ne a sama kamar saƙo, wayar tayi ƙara ka ɗauka WhatsApp ne ashe wai "wayarka ta kamu da cuta", to kai ka buɗe mata ƙofa da hannunka. Wata rana ka shiga wani shafi neman waƙa ko sakamakon ƙwallo aka ce ka danna Allow don ka tabbatar kai mutum ne, ka danna. Maganinta: buɗe Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama ta dama, shiga Settings, sai Site settings, sai Notifications. Za ka ga jerin shafukan da ka ba izini, duk wanda baka sani ba ka cire shi, ni a wayar gwaggo ma kashe abin nayi ɗungurungum tunda ba wani shafi da take jiran saƙonsa. Kana nan a Site settings ɗin ka duba Pop-ups and redirects ka tabbatar a toshe yake.

In kuma tallan tana rufe sikirin ne alhali ko burauza irin su Chrome baka buɗe ba, kana cikin kira ko kallon hoto kawai ta faɗo, to wata manhaja ce a cikin wayar. Yawanci irin su tocila, mai share datti, mai sanyaya batir, mai ƙara ƙarfin sauti, ko wasannin da yara ke saukewa, wani lokacin kuma a wajen masu tura fina-finai ake haɗo maka da ita a matsayin kyauta. Dabarar kama ta mai sauƙi ce: da tallan ta fito kar ka rufe, ka danna maɓallin da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan, sau da yawa za ka ga sunan mai laifin a saman tallan. In ta ɓoye, shiga Settings, Apps, ka bi jerin a hankali, musamman ka nemi wadda bata da suna ko hoto, fili ne kawai fari, da ka gano ta ka goge ta. A wayar gwaggo wata manhajar tocila ce, waya da tocilarta ta asali fa. Ka kuma nemi inda aka rubuta Display over other apps, ka kashe wa duk wadda bata da hurumin hawa kan wasu, sannan ka buɗe Play Store ka sa Play Protect ya bincike wayar.

Toh yanzu ga babbar dabarar, wadda bata buƙatar ka sauke komai. Duk wayar Android daga 9 zuwa sama, wato tun 2018, tana da wani saiti da ake ce wa Private DNS. Abin da ke faruwa shine waya bata san gidan kowa ba a intanet, duk shafin da za ta je sai ta tambayi wani mai nuna hanya ya ba ta lambar gidan, ita ma tallan daga wani gidan daban ake ɗauko ta a liƙa a shafin. To kai kawai canza mai nuna hanyar za ka yi da wanda in aka tambaye shi gidan talla zai ce bai san shi ba. Tallan bata ma sauko ba balle ta ci data, shi yasa na fi son wannan hanyar.

Shiga Settings, a akwatin bincike na sama ka rubuta Private DNS, ya fi sauƙi saboda kowane kamfani da inda yake ɓoye shi, a Samsung yana cikin Connections sai More connection settings, a wasu kuma yana ƙarƙashin Network & internet. Zaɓi na ƙarshe inda ake rubuta suna da hannu, ka rubuta dns.adguard-dns.com daidai ba tazara ba babban baƙi, sai Save. In wayar yara ce ko ta gida da kowa ke ɗauka, rubuta family.adguard-dns.com, wannan har shafukan batsa yake rufewa. In ka yi kuskuren harafi ɗaya intanet ɗin zai tsaya cak, kar ka tsorata ka ruga wajen mai gyara, koma ka gyara rubutun kawai.

Amma fa ka san abu uku. Na farko kamfanin AdGuard mai wannan adireshin da ka rubuta yanzu shi zai riƙa ganin sunayen shafukan da wayarka ke nema, ba abin da ka rubuta a ciki ba, sunayen dai, da ma can kamfanin layinka ne ke gani, don haka amana ce ka ɗauke daga wani ka ba wani. Na biyu akwai abubuwan da za su ƙi aiki, kamar sakamakon farko na Google da aka rubuta Sponsored a kansa, ko wayifai na otal da makaranta mai shafin shiga, in haka ta faru ka mayar da saitin Automatic ka gama abin da kake yi ka dawo. Na uku shine wanda yake sa mutane su ce an yaudare su: baya taɓa tallan YouTube da Facebook da Instagram da TikTok ko kaɗan, domin su daga gida ɗaya suke fito da bidiyon da tallan, in ka rufe ƙofar duka ka rufe.

Sai maganar burauza. Chrome na waya baya karɓar abin toshe talla, kuma ba abin mamaki bane tunda kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar kamfanin da ya mallaki Google daga talla ne, ai ba a ba kura ajiyar nama. In kana son shafi tas, sauke Firefox, shiga ɗigo uku, Extensions, ka ƙara uBlock Origin. Wani mutum ne mai suna Raymond Hill ya haɗa shi, kyauta ne, ko gudummawar kuɗi ma baya karɓa. Wanda baya son dogon zance ya sauke Brave, ita da abinta take zuwa a kunne. 'Yan Opera Mini ku duba cikin saitinku akwai maɓallin toshe talla, kunna shi kawai za ku yi. Masu iPhone kuwa tun iOS 9 a 2015 aka ba ku dama, ku sauke manhajar toshewa daga App Store sannan ku kunna ta a saitin Safari. A kwamfuta, tun ƙarshen 2024 Chrome ya fara kashe cikakken uBlock Origin, saura ƙaramin mai suna Lite, ni dai Firefox na koma. Adblock Plus ma yana aiki, sai dai tun 2011 suna da tsarin barin wasu tallace-tallacen da suka ce basu da takura su wuce, manyan kamfanoni ma biyansu suke a kan haka, in baka so sai ka shiga saitinsa ka kashe.

Ga ɗaga ƙafar da nace. In kana kan shafin da kake son masu shi su samu na cefane, taɓa alamar uBlock, za ka ga wani babban maɓalli shuɗi irin na kunna wuta, danna shi sau ɗaya ka sake loda shafin, daga ranar wannan shafin kaɗai zai riƙa nuna talla sauran suna toshe. A Brave kan zakin nan za ka taɓa ka kashe. Ni shafuka huɗu na yi wa haka, kuma akwai ɗaya da na mayar na toshe bayan sati biyu saboda sai ka ture talla shida kafin ka ga sakin layi ɗaya, na ce to ai kun wuce gona da iri. Ka tuna in Private DNS na kunne shi baya ware kowa, duka yake sharewa, don haka wanda yake son yin zaɓi da gaske gara ya tsaya a burauza.

YouTube kam nan ne nake tare da mutumin Zoo Road. A dogon bidiyo kashi 55 na kuɗin tallan mai tashar ake ba, kuma kafin a fara ba shi cikakken kason sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, wahala ce ba ƙarama ba. Tun 2023 ma YouTube ke yaƙar masu toshewa, yau abin yayi aiki gobe bidiyo ya ƙi tashi. Mai hali ya biya YouTube Premium, ba talla kuma ana yaga wa mai tashar wani abu daga kuɗin. Abin da bazan ba ka shawara ba shine YouTube ɗin bogi da ake turawa a guruf-guruf wai ba talla, ka sa manhajar da baka san wanda ya taɓa ta ba a wayar da bankinka yake ciki, garin neman gira a rasa ido kenan.

In matsalarka irin tallan ce ba yawanta ba, akwai gyara. Shiga myadcenter.google.com da imel ɗin da ke kan wayar, a ɓangaren Customize ads akwai Sensitive, ka kashe caca da giya da neman abokan soyayya. A Facebook duk tallan da bata maka ba taɓa ɗigo uku na kanta ka zaɓi Hide ad, in ta damfara ce ko ta batsa ka yi Report, baya kawar da su duka amma in ka jure kana yi za ka ga sauƙi.

Bayan kwana uku na sake bi ta Gwammaja na tambayi gwaggo ya waya, tace "Alhamdulillahi ɗan nan, matar nan dai ta tafi, Allah ya yi maka albarka." Sai dai jikokinta sun sa ta a gaba, wai wasan da suke yi na mota da in sun kalli talla ake ba su tsabar zinare yanzu ya daina bayarwa tunda an toshe tallan, har ɗaya ya fara laluben saitin zai gyara. Dole na sake karɓar wayar na sa wa Settings da Play Store makulli da lambar da ita kaɗai ta sani, na rubuta mata a bayan kalandar ɗakinta.