Yadda nake sarrafa saiwar sanya, uwar magunguna

Jama'a tunda hunturun Jos ya kunno kai, ciwon gwiwar iyayenmu ya motsa, ga kuma wake an kawo gida, to bari in faɗa muku yadda nake yi da saiwar sanya, wadda ake wa laƙabi da uwar magunguna.

Da farko dai ka san ta. In ka je wajen masu magani a kasuwa, ka ce a ɗan kankare maka ɓawon saiwar ka shinshina, ta gaskiya ƙamshinta kamar Robb ne, yana hawa hanci nan take, saboda sinadarin metil salisilet da ke cikinta, ɗan uwan asfirin ne. In ba ka ji ƙamshin nan ba kar ka saya, ko ta tsufa ko ba ita ba ce.

In kuma da kanka za ka tono a daji, don Allah gefe ɗaya kawai, ka yanki ƙaramar saiwa ka bar uwar, ka mayar da ƙasa ka danne. Wallahi raina yana ɓaci in na ga an tumɓuke bishiyar gaba ɗaya, ita ba ta saurin tsiro, mai furen nan ruwan shunayya mai kyau, haka ake ta ƙarar da ita.

Ka wanke, ka ɓare ɓawon tun yana ɗanye don ya fi saurin fita, sai shanya a inuwa, rana tana kwashe ƙamshin kuma ƙamshin shi ne aikin. Ya bushe a daka, amma a rufe hanci, yana sa atishawa sosai. A zuba a kwalba mai murfi.

Na ciwon gaɓɓai, garin kaɗan nake kwaɓawa da man kaɗanya a shafa, a fara gwadawa a bayan hannu, kuma ban da kan rauni. Na wake kuwa a ƙulla garin a ɗan tsumma mai tsabta a cusa cikin buhu, ƙwari ba sa son warin.

Sha fa? A'a. Saiwar nan tana da dafi, in ta yi yawa tana kisa, mai juna biyu ko kusa kar ta zo don tana zubar da ciki, haka wanda asfirin ba ya karɓar jikinsa. Kwalbar a ajiye ta sama inda hannun yara ba ya kaiwa, gwiwa kuma in ta kumbura ta yi zafi a kai Baba asibiti.