Kurakuran da sababbin malamai ke yi da lokacin darasi

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Duk sabon malamin da na shiga ajinsa na zauna a baya kusan labarin ɗaya ne, minti 40 aka ba shi amma sai kararrawa ta kaɗa yana tsakiyar bayani, yara sun fara rufe littattafai shi kuma yana ɗaga murya "ku tsaya, minti ɗaya kawai", alhali babu mai saurarensa kuma. Yawancinsu sun san darasin sarai, rabon lokacin ne ya gagare su.

Babban kuskuren, wanda ni ma ya taɓa yi min illa sosai, shi ne barin gabatarwa ta cinye darasi. Shekarata ta farko da fara koyarwa ina koyar da rabawa a lissafi, na shiga da niyyar tuna musu ninkawa na minti biyar kawai, sai wani yaro ya kasa faɗin 7 sau 8, na tsaya a kansa, daga nan na koma kan jadawalin ninkawa gaba ɗaya, daga nan na shiga faɗa kan rashin bitar karatu. Da na ɗaga kai na kalli agogo saura minti 12. Misali biyu na yi a allo a gurguje, na ba su aikin gida na fita. Kuma ba ranar kaɗai ba, haka na riƙa yi kusan zango guda, ni ke magana su ke kallo, ba su taɓa riƙe biro sun gwada a gabana ba. Ranar da na zauna makin jarrabawa na ga wata yarinya mai ƙoƙari, wadda ba ta fashi, ta rubuta tambayar rabawa tsaf da kyakkyawan rubutunta ta bar ƙasan fayau, raina ya ɓaci matuƙa, domin ni na cuce ta. Lokacin da za ta gwada ta yi kuskure in gyara mata shi ne na cinye da surutuna.

Tun daga nan na daina rubuta "minti 5, minti 10" a tsarin darasina, don in kana tsaye gaban aji ba za ka iya wannan lissafin ba. Ainihin ƙarfen nake rubutawa a gefen takarda. In darasi zai fara 9:00, sai in sa 9:05 na gama bita, 9:20 alli ya bar hannuna yara sun fara aiki, 9:35 auna fahimta. Agogon hannuna kuma cire shi nake in ajiye a kan tebur kusa da dasta. In 9:20 ta yi ban gama bayani ba, bayanin nake yankewa, aikin yara ba na taɓa shi. Wasu abokan aiki na ganin na cika tsauri, amma ni shi ya fisshe ni.

Na biyu kishiyar wancan ne, kuma abin haushi mutum ɗaya ke yin su duka, ya ɓata lokaci inda bai kamata ba sannan ya yi rowarsa inda ake buƙata. Ka yi tambaya, kafin yaro ya gama juya ta a kansa ka amsa da kanka ko ka nuna wancan na gaba da kullum hannunsa ke sama. Wata mai bincike 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta gano malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira bayan tambaya, amma in aka kai daƙiƙa uku ko fiye amsoshin yara kan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara sa baki. Daƙiƙa uku fa! Haba malam, ka kashe minti 15 kana faɗa amma ka kasa yin shiru na daƙiƙa uku? Ni ƙirgawa nake a zuciya har biyar, kuma ba na kiran sunan kowa sai na gama tambayar, don da zarar ka fara da suna sauran sun huta da tunani.

Sauran ƙanana ne amma in suka taru ba ƙaramar ɓarna suke ba, minti biyar a cikin 40 kashi ɗaya cikin takwas ne na darasin. Kiran suna, ka bari sai sun duƙufa kan aiki ka duba kujeru ka cike rajista. Rabon takardu, ka ƙirga su layi-layi tun kafin ka shigo. Kwafar not a allo kana juya musu baya rabin darasi, wannan ba koyarwa ba ce, ka taƙaita shi. In ka ba da aikin rukuni ka faɗi ƙarfen da za a tsaya ka rubuta a allo, in ba haka ba hira za ta koma. Masu saurin gamawa kuma ka tanadar musu tambaya ɗaya mai ɗan wuya a kusurwar allo, don su ne ke fara tada hayaniya.

Sai cin lokacin malamin da ke bayanka, wannan kam ba na yi wa kowa uzuri. Yana tsaye bakin ƙofa da littattafansa kana cewa "yanzu zan gama", shi ma fa minti 40 ɗin gare shi. In lokacina ya cika ban kai inda nake so ba, alama nake sa wa a takardata daidai wurin da na tsaya, in goge masa allo in fita, gobe daga nan zan ɗora.